Abin da Ake Gani Daga Bisa

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Madawa ba, amma labarinsa ya sha zuwa. Yakan sauka gab da zaɓe, ya kwana biyu a bakin mutane, ya wuce. Saboda haka ranar da aka tara mutanen Unguwar Magina a ƙofar gidan mai unguwa aka ce wannan karon da gaske ne, kowa ya zo da tabarmarsa da haƙurinsa, kamar masu zuwa jin wa'azin da suka riga suka haddace.

Kamfanin ya turo wani saurayi injiniya mai suna Faruk, ɗan Keita, don shi ne mai Hausar wurin a bakinsa. Ya kafa babban hoto a jikin bango. Jirgin, in ji shi, zai riƙa kai da komo tsakanin Ƙonni da Madawa da Maraɗi, ma'aikaci ya karya kumallo a gidansa, ya yi aiki a wani gari, ya dawo ya tarar da tuwon dare da zafinsa. Da yake gabashin unguwar kwari ne, ruwa yana cin sa duk damina, ba za a shimfiɗa dogon a ƙasa ba. Za a ɗora shi bisa ginshiƙan siminti ya bi ta saman bakin unguwa. A cikin hoton ginshiƙan farare ne tas, da furanni a gindinsu, da wata mace mai gajeren wando tana jan kare da igiya. Mutane suka daɗe suna kallon karen. Faruk ya ƙara da cewa manya sun damu ƙwarai da kyan gari, za a raba farar ƙasa a shafe duk katangar da ke fuskantar hanya, don matafiyi ya ga tsabta.

Alhusaini magini yana zaune a gaba, hannuwansa masu kaushi a kan gwiwa. Ya haura sittin, kuma rabin rumbunan da ke tsakanin Madawa da Sabon Gida hannunsa ne ko na ubansa. Shi bai kalli karen ba. Tsawon ginshiƙin yake gwadawa da tsawon matar.

"Ɗana," ya ce, "wanga jirgi shina da tagogi?"

"Shina da su, Baba. Manya, na madubi. Kana zaune kana kallon gari."

"To wa za ya yi kira?"

Faruk ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa.

A unguwar nan tsakar gida da makewayi ba su da rufi, don haka namiji ba ya hawa bisa haka kawai. Ko yaɓe zai yi, ko gyaran indararo, ko toshe bakin rumbu, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya ya ce a suturta, namiji za ya hau. Sannan ya jira. Mai wanka ta gama, mai shan iska ta ja zane, kafin ya taka. Alhusaini ya fara wannan kira tun muryarsa ba ta fashe ba, yana bin ubansa da ƙwaryar laka. Da aka yi wa Faruk bayani ya tuna, ai a Keita ma haka ake yi, karatu ne ya mantar da shi.

"Jirgi shina busa, Baba," ya ce da ladabi. "Tun daga nesa za a ji shi. Kuma gudu garai, ba mai ganin komi."

"In ba a ganin komi, farar ƙasar ta mi ce?"

Aka yi dariya. Daga bayan taro, inda mata suke, sai ga muryar Tabawa, maƙwabciyarsa kuma taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ta damar zaginsa tun suna yara, ba ta kuwa taɓa barin damar ta kwana ba.

"Ku ƙyale tsohon banza. Tsoro shikai a hango shi shina wanka, a ga haƙarƙarinai a ce yunwa ta shigo ƙasar Adar."

Dariyar ta juyo kansa. Ya yi murmushi don kada a ce bai iya wasa ba, amma ba haƙarƙarinsa ne ya dame shi ba.

Matarsa Habsa ta daɗe a kwance. Tansiyo ne, wato hawan jini, ya buge ta wata safiya tana tankaɗe, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama da rabin harshe. Lokotoron asibiti ya ce a rage gishiri a ƙara haƙuri. Ɗiyarsu ɗaya da ta rayu, Mubaraka, tana aure a Tawa da ƴaƴa reras, takan zo in ta samu sarari, sararin kuwa ba ya yawan samuwa. Don haka Alhusaini ne yake ɗaga matarsa, shi yake juya ta, shi yake yi mata wanka. Makewayi ya yi wa mutum biyu ƙunci, sai yake zaunar da ita a kan turmi kife a tsakar gida da hantsi, in rana ta kashe sanyin ruwa. Ɗaki kuwa ta ƙi shi. Ta ce akwai ɗaki mai duhu da ke jiranta, za ta daɗe a ciki, ba ta gaggawa. Kullum da safe yakan fito da gadonta gindin itacen bedin da ke tsakar gida, ya tokare mata baya da matasai, nan take wuni.

Daga kan gadon nan duniya ba ta ƙare mata ba. Katangar gabas ruwa ya cinye ta har ta dawo iya ƙugu; gidan magini ke nan, na kowa yake gyarawa. Bayanta gangare ne, ba mai bi, sai fadama a shimfiɗe har inda ido ya gaji. Habsa ta yi sana'ar gabu shekara da shekaru, tana daka ganyen albasa tana shanyawa tana kaiwa kasuwar Bangi, garinsu, saboda haka ta san kowace gona da mai ita. Tana kwance take sanin wanda ya makara da dashe da wanda injin ban-ruwansa ya mutu. Ta arewa kuma akwai giɓi a katangar da ta raba su da gidan Tabawa, daidai faɗin kafaɗun mace. Gidajen biyu baya suka ba juna. Ƙofar Tabawa wata hanya daban take kallo, in za a zagayo sai an bi ta bayan masallaci da wurin mahauta, tafiyar da gwiwoyin Tabawa suka daina so tuntuni. Ta giɓin ake miƙo fura, ta nan ake miƙo labari. Tabawa takan ɗora haɓa a kan hannuwanta ta yi ta zuba: wa ya saki wa, wa ya dawo daga Abijan da babbar waya da aljihu wayam. Habsa tana amsawa da rabin harshenta, wani lokaci ta yi dariya har yawu ya zubo. Abin da ke ba Alhusaini haushi shi ne Tabawa ta fi shi gane maganar matarsa. In kalma ta gagare shi, giɓin yake duba, a fassara masa, a haɗa masa da zagi kyauta.

Wannan karon labarin jirgi ya zo da kamiyo, manyan motocin kaya. Kafin kaka ta wuce an haƙa ramuka a gangaren bayan gidan, an zuba ƙarfe, an zuba siminti, ma'aikata masu huluna rawaya suna ta kai da kawo. Alhusaini ya tsaya yana kallon ginshiƙi na farko yana tsiro kamar gero a shekarar albarka. Da ya kai tsawon mutum, sai magini ya jiƙa ƙasa ya fara buga tubali.

"Magini," in ji Habsa, kalmar tana fita a karkace, ranar da ya ɗora layin farko a kan katangar gabas. Haka take kiransa tun tana amarya. "Fadamar fa?"

"Tana nan, Ta Bangi. Ba inda za ta."

"Ni ma ba inda za ni."

Ya yi kamar bai gane ba. Wannan kam ya gane sarai.

Akwai abin da bai taɓa haɗawa da wannan a bakinsa ba. Danginsa Azna ne. Kakansa ya mutu yana yanka wa duwatsu baƙin bunsuru, ubansa ne ya fara salla da furfurarsa. Alhusaini yana yaro wata mota ta tsaya a ƙauyensu wajen Buza, wani Bature ya fito ya ɗauki hoton uwarsa tana daka, zane iya ƙugu kamar yadda matan ƙauyen suke a lokacin. Ta yi dariya, aka ba ta alewa, ta raba wa yara. Bayan shekaru wani ɗan garinsu ya ga hoton a wani kanti a Yamai ana sayarwa, ya dawo ya ba da labari a majalisa, ya kwatanta da hannu. Lokacin uwar tana kabari, ƙirjinta yana Yamai. Alhusaini yana zaune a majalisar ranar, matashi mai sabon gemu, wanda ba ya barin sahun farko a masallaci. Tun daga nan ba a taɓa jin ya hau ko dakali ba tare da kira ba.

Katangar gabas ta tashi ta wuce kansa, ta wuce ɗakin. Ginshiƙin ya wuce ta bai ko waiwaya ba. Ƙasa tana da iyakar tsawon da take ɗauka, Alhusaini ya fi kowa sani, siminti kuwa da alama ba a gaya masa iyaka ba. Da aka gama zuba kan ginshiƙin, ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wurin Faruk ya ce yana so ya hau ya gani da idonsa.

Faruk ya san doka ta hana. Amma yaron kirki ne, sai ya ciro hular wani ya ɗora masa a kan tasa hular. A gindin tsanin ƙarfe Alhusaini ya tsaya, ya juya wajen unguwa, ya ɗaga murya ya yi kiransa. Leburori suka fashe da dariya, su da suke hawa da sauka tun safe kamar ƙadangaru. Ya jira duk da haka, gwargwadon yadda mai wanka za ta gama, sannan ya taka.

Daga kan rumbu mutum yakan hango gida ɗaya ko biyu, ya kuma san inda zai kawar da ido. A nan babu inda za a kawar da ido. Unguwar duka tana buɗe a ƙasa kamar ƙorai da aka kwashe wa faifai: ga gidan da ba a hura wuta ba tun safe, ga tsumman da ake shanyawa a ɓoye, ga tsoho yana tsugune. Ya nemi bedinsa ya same shi. Ta tsakanin rassa ya ga gadon, ya ga Habsa ƙarama kamar ɗiyar wani. Ta ji kiran, ta kuwa san muryar mai shi. Zanenta ya zame daga gwiwa, tana miƙa hannun hagu ta jawo shi, hannun bai kai ba. Ta sake miƙawa. Ta karkata jiki har ta kusa faɗowa, ta kama bakin gado, ta huta, ta sake miƙawa.

"Ka ga kyan wuri, Baba?" in ji Faruk daga bayansa, yana nuna fadama. "In anka ɗora dogo, ta nan za ya karkata arewa, ya bi ta bayan gidan waccan tsohuwa."

Alhusaini ya bi yatsan da ido har kan giɓin Tabawa. Ya sauka a hankali, ya mayar da hular, ya yi godiya.

Katanga ba za ta yi ba, sai rufi. Ya sayo tsofaffin tol, kwanon rufi, daga wurin mai gwangwan, ya sayo itace. Rassan bedi sun tare hanya, kuma ya ga da idonsa cewa ganye ba sutura ba ne, don haka ya sare su ɗaya bayan ɗaya, ya bar gangar jikin ta zama ginshiƙin tsakiya. Habsa tana kwance a ƙofar ɗaki tana kallon rassan suna faɗuwa.

"Bar su su gani," ta ce. Sai da ta maimaita kafin ya kama. "Tsohuwa ce. Kowa na da tsohuwa."

"Ke ba ki ga abin da na gani ba."

"Mi ka gani?"

Ya tsaya da gatari a hannu. Ba zai iya gaya mata ya tsaya a bisa yana kallonta tana fama da zane ba. "Rana na gani," ya ce. "Tana dukanki da yawa."

Ta dube shi da idon da ya shekara arba'in yana kama shi in ya yi ƙarya, ta rufe.

Giɓin ne na ƙarshe. Ranar da ya zo da tubali da laka, Tabawa tana wurin, haɓa a kan hannuwa, ta ƙi gusawa.

"Sa mini lakar a baki, tsohon banza, ka huta gaba ɗaya."

"Janye hannunki, mayya. Ƙofata a buɗe take, ba wanda ya hana ki."

"Ƙofarka tana Makka. Da waɗanga gwiwoyi za ni? Ko goya ni za ka yi, kai da ko akuya ba ka iya ɗauka?"

"Ta nan jirgin za ya karkata. Na hau na gani."

"To sai mi? Su gan mu. Wanda ya biya kuɗin jirgi don shi kalli ni da Habsa, ai shi anka cuta."

Habsa ta yi dariya daga kan gado, irin mai zubo da yawu. Alhusaini ya ji ta, ya ɗora tubalin farko. Tabawa ta janye hannu don kada ya danne mata yatsu, amma ba ta daina magana ba. Haɓarta ta ɓace, bakin ya ɓace yana kan zagi, saura idanu. Kafin ya ɗora na ƙarshe ta ɗaga murya ta saman kansa.

"Habsa, gobe in zagayo. Kada ki ci komi da ya dafa."

Ta zagayo kuwa, washegari da jibi. Daga nan sai ranar Juma'a. Kowace tafiya sai ta biya ta da kwanciyar kwana biyu, ga tsayuwa a bakin mahauta ana gaisuwa, ga jikokinta da ba mai tsaro. Labarin da take kawowa ma ya canza ɗanɗano. Ta giɓi labari yana zuwa da zafinsa, yanzu sai ya kwana ya huce kafin ya iso, ya koma ziyarar mara lafiya, da ya jiki da Allah ya sawwaƙe.

Ba Alhusaini kaɗai ya yi wannan tunani ba, shi dai ya riga kowa. Da magidanta suka ga magini da kansa ya rufe gidansa, sai kowa ya tuna yana da mata. Aiki ya zo masa irin wanda bai taɓa samu ba ko a ƙuruciya: a ɗaga katanga a nan, a rufe makewayi a can. Yakan fita da safe bayan ya yi wa Habsa wanka ya ajiye mata ruwa da rediyo kusa da hannun hagu, ya dawo da azahar ya juya ta, ya koma. Mutane suka ce jirgin nan ko bai zo ba ya yi wa magini rana. Farar ƙasar ma ta iso kamar yadda aka yi alkawari, wannan kam ba a saɓa ba. Aka shafe katangar gabas ta waje, ta yi kyau ƙwarai, wanda ke fadama zai iya gani.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Tol ba ya tace rana kamar ganye, tara ta yake yi ya sauko da ita. Iskar da take hawowa daga kwari da la'asar ta zo ta tarar da bango ta koma. Tsakar gidan ta zama duhu mai zafi, sai ɗigon haske ta tsofaffin ramukan ƙusa, suna tafiya a hankali a kan zanen Habsa. Su take kallo. Ta rage cin tuwo, sannan ta rage shan fura. Rediyon yakan tarar da shi a kashe. Ya gwada ba ta labari irin na Tabawa, amma shi labarinsa duk na tubali ne, wane ƙasarsa ta yi yashi, wane ya hana ruwa. Takan saurara da ladabi kamar baƙuwa. Ya kira majo, ma'aikacin jinya, daga gidan likita, ya auna ta, ya ce tansiyon yana nan inda yake, a dai riƙa barinta tana shan iska. Alhusaini ya sayo mafici sabo, yakan zauna yana yi mata fifita har hannunsa ya gaji.

A cikin bazarar nan ne aikin ya tsaya. Ba a tara kowa a ƙofar mai unguwa ba, ba a kafa hoto ba. Kamiyo dai suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya ba su dawowa. Ginshiƙan suka tsaya a jere a bakin kwari, ba komai a kansu sai ƙarafa tsaye cirko-cirko kamar kan da aka tsefe ba a kitsa ba. Wasu suka ce bayan azumi za a dawo. Wasu suka ce wani kamfani ne zai karɓa. Yara suka fara rubuta sunayensu da gawayi a jiki.

Tabawa ta zagayo ba ranar Juma'a ba. Ta shiga ta daɗe, ta fito ta tare shi a zaure. Ba ta ce masa tsohon banza ba, abin da ya tayar masa da hankali ke nan.

"Alhusaini, buɗe mata."

"In sun dawo fa?"

"In sun dawo ka rufe. Ba kai ne magini ba?"

"Gini ba faifai ba ne, da za a riƙa buɗewa ana rufewa. Mutane duka ni sunka bi. In na rushe nawa, mi zan ce musu?"

"Ka ce musu matarka tana ƙarewa."

"Ciwonta ne. Majo ya auna."

"Majo ya auna hannu." Ta dafa bango ta gyara tsayuwa. "Na zauna da ita tun hantsi. Na ba ta labarin auren ɗiyar Sha'aibu da yadda anka yi faɗa a kan gara. Habsa ba ta tambaye ni ko wa ya fara ba. Habsa fa."

Ya ce zai duba. Ya duba ɗin, kwana da kwanaki, yana fita bayan gida yana kallon hanya ko zai ga ƙurar kamiyo. Ya kasa yanke wanda yake fata, su dawo ko kada su dawo.

Wanda ya dawo Faruk ne, a kan babur, ya zo ɗaukar wasu kayan awo da aka bari a gidan mai gadi. Ya rame, ba hular rawaya. Alhusaini ya same shi a gindin ginshiƙi suka gaisa.

"Ɗana, gaya mini gaskiya don Allah. Yaushe za ku dawo?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Ni ma an ce in koma gida in jira kira. Ina Keita ina taya tsohona noman tumatir."

"Amma in kun dawo, jirgin ba ya daɗewa."

Faruk ya dube shi da mamaki. "A'a, Baba. Ai jirgi shi ne na ƙarshe. Sai an gama ginshiƙai har Maraɗi, a ɗora gada, a shimfiɗa dogo, a gina tasha. Ko da aikin bai tsaya ba, shekaru ne. Ƴaƴana dai wataƙila su hau."

"Shekaru."

"Awo, shekaru."

"Ba ka faɗi haka ba ranar taro."

"Ba wanda ya tambaya. Na ɗauka kowa ya sani." Ya ɗaga kai ya dubi farar katanga da tol ɗin da ke walƙiya a bayanta. "Aikinka ne wanga? Ya yi kyau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Alhusaini.

Washegari da sassafe ya ɗauki gatari. Ya fara da giɓin. Ginin nasa ne, don haka bai ba da kai da sauƙi ba. Da ƙura ta lafa ya koma katangar gabas, ya cire tol ɗin da ke kanta, ya rushe ta har iya ƙugu, farar ƙasa da komai. Maƙwabta suka leƙo suka koma. Ya jawo gadon inda yake da, gindin kututturen bedi, ya tokare mata baya.

"Ga fadamarki, Ta Bangi."

An riga an cire albasa. Fadamar ta koma jar ƙasa da busasshen ganye, sai ruduna, rumbunan ajiyar albasa, a tsaye nan da can, ba mutum ko ɗaya. A tsakiyar abin da ake hange kuma ga ginshiƙi, faɗinsa ya cinye gonaki uku. Rana ta fito ta bayansa ta faɗo kan fuskarta kai tsaye, ba ganyen da zai tare. Ta runtse ido. Dole ya mayar da tol ɗaya.

Tabawa ta zo giɓin, ta share ƙura da bakin zane, ta ɗora haɓa a kan hannuwa.

"To, Allah ya shiryi tsohon banza. Habsa, kin ji abin da matar liman ta yi jiya?"

Ta yi ta zuba har hantsi ya ɗaga. Ta ba da na matar liman, ta ba da na mahaucin da ya sayar da naman akuya da sunan rago, ta ƙirƙiro wasu da ba su faru ba. Muryarta tana ƙara ƙarfi kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona. Idanun Habsa suna buɗe, suna kan tol. Can leɓenta ya motsa, ta faɗi wani abu, ɗan gajere. Alhusaini ya sunkuya, bai kama ba. Ya juya wajen giɓin yana jira.

Tabawa ta ɗaga haɓa daga kan hannuwa.

"Ban gane ba," ta ce.

Habsa ta rasu kafin ruwan farko, da rana tsaka, yana yi mata fifita. Mubaraka ta iso daga Tawa bayan an dawo daga maƙabarta. Mata suka cika tsakar gida suna zufa a ƙarƙashin tol, maza kuwa ba inda za a zaunar da su, zauren ƙarami ne, ƙofar gida ba itace. Wani ya ce ai ginshiƙin bayan gida yana da inuwa. Aka kwashi tabarmi aka zagaya.

Inuwar doguwa ce amma siririya, don haka masu zaman makoki suka jeru ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran mota. Tana kuma tafiya. Jim kaɗan sai wanda ke gefe ya ji rana a ƙeya, a tashi, a ja tabarmi, a sake zama, a sake fatiha. Wani dattijo da ya zo ta'aziyya daga Ibohamane, wanda bai taɓa ganin ginshiƙan ba, ya yi ta ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Bayan ya yi addu'a ya matso kusa da Alhusaini.

"Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. An ce bayan damina za su dawo." Ya ƙwanƙwasa simintin da ɗan yatsa. "Kai da ka san gini, ya ka ga aikin?"

Alhusaini ya ɗora tafin hannu a jikin ginshiƙin ya shafa, yadda yake shafa rumbun da wani ya gina in an nemi ra'ayinsa. Ba tsaga, ba ƙuraje, sumul.

"Aiki ne mai kyau," ya ce. "Za ya daɗe."

Rana ta taɓa masa gwiwa. Ya miƙe tare da sauran, ya kama bakin tabarma.